Mayafin Kashmir da na sayo a Delhi, bayan ya ci hunturu biyu a jikina

Tun ranar sunan 'yar ƙanwata da na yafa mayafin nan ake tsare ni da tambaya: ina na samo shi, nawa na saya, ko zan iya sa a kawo wa mutum irinsa. To ni ba sayarwa nake yi ba, ba ni kuma da haɗi da mai shagon, na dai ga gara in ba da amsa sau ɗaya kowa ya huta. Da gangan na ƙi yin magana tun yana sabo, don sabon abu ba ya laifi a idon mai shi. Na bari sai da ya ci hunturu biyu, na wanke shi, asu ya taɓa shi, na ji haushinsa na kuma huce.

Jinya ce ta kai mu Indiya. An yi wa Hajiya, mahaifiyata, aikin gwiwa a Delhi, muka yi mako bakwai daga farkon Disamba zuwa ƙarshen Janairu. Duk abin da na sani game da sanyin ƙasar a finafinai na gan shi, jaruma tana rawa a kan ƙanƙara da ɗan yalolon sari, don haka na ɗauka wasa ne. Ashe sanyin Delhi mai laima ne, yana shiga ƙashi, ga hazo har rana ta take ba ka ganin gaban titi, gidajen haya kuma ba abin ɗumama ɗaki. A kwana na uku na sayi mayafi a bakin titi rufi 600, kuɗin Indiya. An liƙa masa takarda wai fashmina ce ɗari bisa ɗari, mai tallar har ya cire zobensa ya zura mayafin ta ciki ya zare ta ɗaya gefen, ni kuma na gyaɗa kai kamar na san abin da ake yi. Kafin mako ya zagayo ya tashi ƙuraje, in na cire shi da dare sai ya riƙa ƙas-ƙas yana tartsatsi. Shi ne dai irin wanda muke kira fashmina a gida, ba bambanci ko na sisi. Araha ba ta ado.

Matar mai gidan da muka kama haya ce ta gan shi a kafaɗata ta yi dariya, ta kwatanta mini shagon wani dattijo ɗan Kashmir a kudancin birnin. Ba shago ba ne irin mai gilashi da fitilu. Bene ake hawa ta wata matsattsiyar matakala (wannan shi ne laifinsa na farko, sai da muka jira Hajiya ta fara taka ƙafa da sanda kafin na iya kai ta), a cire takalmi a bakin ƙofa, a zauna a ƙasa kan darduma da aka shimfiɗa wa farin ƙyalle. Dattijon ya amsa sallamarmu cikakkiya, ya sa ɗansa ya kawo shayinsu da suke kira kahwa, mai za'afaran da kirfa da yankakken almon. Da Turanci muka yi magana, ina cusa ɗan Indiyancin fim, yana murmushi yana gyara mini. Hajiya yake ce wa mahaifiyata kamar yadda ya ji ina faɗa, ni kuma 'yata.

Ɗan ne ya fara baza kaya, masu kyau, masu sheƙi, yana cewa in taɓa in ji laushi. Ni kuma 'yar maɗinki ce. Marigayi Baba a birnin Zariya ya yi rayuwarsa yana aikin babbar riga da hannu, aska biyu da aska takwas, kuma abin da ya fi yawan faɗa wa yaransa shi ne in kana son sanin maɗinki ka juya bayan aikinsa. Don haka ban tsaya shafa gaba ba, na kama gefe na juya. Na farko bayansa tsaf, kowane ɗinki daidai da ɗan'uwansa, ga zaren ƙasa fari yana bin kowane fure. Na ce wannan keke ne. Dattijon ya ajiye kofinsa ya dube ni, ya ce da ɗan ya kwashe waɗannan ya shiga ciki ya jawo akwati. Na yaba masa da bai yi mini gardama ba. Amma a rubuta wannan ma a cikin laifuffukan shagon: in ba ki nuna kin san kaya ba, na keken za a fara nuna miki, kuma ba wanda zai ce miki na keke ne sai kin tambaya.

Abin da ya fito daga akwatin bai da sheƙi ko kaɗan. Wannan ne ya fara ba ni mamaki. Fashmina ta gaske a dushe take, kuma in kin ɗaga ta wajen taga za ki ga saƙar ba ta tafi daidai ba, nan ta matse, can ta ɗan saki, saboda hannu ne ya kaɗa zaren, hannu ne ya saƙa. Wanda na fara ɗauka saƙarsa ƙananan idanu ce jere reras, suna kiranta chashm-e-bulbul, wato idon wani ɗan tsuntsu. Da na ɗora shi a bayan hannuna ban ji nauyi ba, sai ɗumi kawai da ya taso bayan ɗan lokaci, kamar an hura mini numfashi.

Ulun ba a Kashmir yake fitowa ba. Daga Ladakh ne, yankin duwatsu da ke gabas da ita, a tudun Changthang da ya haura mita 4,000, inda makiyayan Changpa ke kiwon wata akuya da ake kira changthangi. Tsananin sanyin wurin ne ke sa ta fitar da wani lallausan gashi a ƙarƙashin gashinta na waje, shi ne pashm, kalmar Farisanci mai nufin ulu. Ba aske ta ake yi ba, da matsefi ake taje shi in sanyi ya wuce ta fara zubar da shi da kanta. Na akuya ɗaya ba ya isa mayafi guda, sai an haɗa na kamar uku. Kaurin silin ba ya wuce maikiron 16, gashin kan mutum ya ninka shi sau huɗu ko fiye. Daga nan sai a sauko da shi Srinagar, babban birnin kwarin Kashmir, a tsince kaushin gashin, mata su kaɗa shi a wani keken katako da suke kira yinder, maza su saƙa. Zaren yana da rauni sosai, har sai an shafa masa ƙullun shinkafa kafin ya jure masaƙa. Hajiya da ta ji wannan sai ta ce ai su ma da suna yara haka suka ga ana sa wa zaren saƙa koko. Ta yi kaɗi da mazari a ƙuruciyarta, ta daɗe tana murza bakin mayafin tsakanin yatsunta, ta ce wadda ta kaɗa wannan ba ta da gaggawa.

Raunin zaren nan shi ne ƙofar da maguɗi ke shigowa. Inji ba ya iya jan sa ba tare da ya tsinke ba, sai masu masana'anta su haɗa shi da zaren roba, su saƙa, sannan su narkar da robar da asid. Abin da ya rage ulu ne na gaske, amma ya riga ya sha wuya, ba ya yin ƙarko. Wasu kuma ulun tumaki ne aka jiƙa da sinadarin laushi, wasu ko ƙwayar ulu babu. Gwajin zobe da aka yi mini a titi ba ya tabbatar da komai, kowane siririn ƙyalle zai wuce. Asalinsa ma da shahtoosh aka san shi, wanda ake yi da gashin wata barewar Tibet mai suna chiru, ita kuwa sai an kashe ta ake samu, shi ya sa aka haramta cinikinsa a duniya. In wani ya raɗa miki cewa yana da shi a ɓoye, ki tashi ki sa takalminki. Gwajin da na yarda da shi shi ne wanda dattijon ya yi a gabana: ya zare sili ɗaya daga gezar mayafin ya ƙyasta ashana, ya yi ƙaurin gashi kamar ana babbakar kai da ƙafa, tokar ta murƙushe ta zama gari. Na mayafina na titi kuwa da muka gwada, narkewa ya yi ya dunƙule ya zama ɗan ƙwallo mai tauri.

Iri uku ya nuna mini, kuma a nan na ɓata yini guda.

Na farko sozni, aikin allura. Da farko mai zane ne ke buga hoton furannin a jikin mayafin da hatimin katako, sannan mai ɗinki ya bi da allura siririya da zaren siliki ko auduga. Ƙanƙantar ɗinkin ta wuce duk abin da na taɓa gani, har da hulunan da Baba ke kira na sarakai. Na ƙirga launi bakwai a ganye ɗaya da bai kai farcen babban yatsana ba. Da na juya baya sai na ga abin da nake nema: ɗinkin ba ya tafiya daidai, ga inda ya tsuke zare, ga inda zaren ja ya ƙare ya ɗauko wani da ya ɗan fi shi duhu, ga kuma wani ganye a kusurwa da ya fi 'yan'uwansa kiba, kamar ranar da ya yi shi hasken ɗakin ya yi ƙasa. Akwai mai aiki a gefe kawai, akwai mai furanni warwatse, akwai jamawar da ake cike shi har ba a ganin ƙasan ƙyallen, wanda ke iya cin shekara ko fiye a hannun mutum ɗaya. Akwai kuma dorukha, wanda ba shi da baya, ko ta ina kika juya gaba ne. A gabansa dabarar Baba ta ƙare, na ajiye shi na yi shiru.

Na biyu kalamkari, sunan daga alƙalami ne. Da hannu ake zana furannin da rini a jikin mayafin, sannan a bi bakin kowane zane da allura a fito da shi. Daga nesa shi ya fi kowanne ɗaukar ido, kuma bai kai jamawar tsada ba tunda rini ya cike wurin da allura za ta yi watanni tana cikewa.

Na uku kani. Wannan ba ɗinki ba ne, a cikin saƙar aka gina furen. Maimakon ƙoshiya ɗaya mai kai da kawo, masaƙin yana da tsinkayen katako barkatai a gabansa, kowanne da launin zarensa, yana cusa su ɗaya bayan ɗaya. Ba ya ma kallon hoton abin da yake saƙawa. Wata takarda yake bi mai suna talim, rubutun alamomi ne da ke cewa ɗaga zare kaza, sa launi kaza. Dattijon ya ciro mini tsohuwa guda, ta yi kama da hatimin allo na almajirai. Ya ce a ƙauyen Kanihama da ke gundumar Budgam aka fi sanin aikin, kuma yini guda masaƙi bai fi ya ci gaba da faɗin yatsa ɗaya ko biyu ba. Na tambayi kuɗinsa don in ji kawai. Da ya faɗa, Hajiya ta ce a mayar da shi akwati kada shayi ya zube a kai.

Zanen da ya fi yawa a jikinsu shi ne mai kama da ɗigon ruwa mai lanƙwasasshen kai, wanda muke gani a atamfa da ɗankwali da dardumar sallah. Su buta suke ce masa. Turawa kuma Paisley, sunan wani gari ne a Sikotland da ya shahara a ƙarni na 19 wajen kwaikwayon mayafin Kashmir da araha, har sunan mai kwaikwayo ya danne na mai abu. Mutanen Kashmir suna jingina bunƙasar sana'ar ga Shehu Mir Sayyid Ali Hamadani da ya zo musu daga Farisa a ƙarni na 14, da Sarki Zainul Abidin da ya yi mulki daga 1420 zuwa 1470. Daga baya Josephine matar Napoleon ta tara su da yawa, matan Faransa suka bi sahu. A yarjejeniyar Amritsar ta 1846, lokacin da Turawan Ingila suka sayar wa Gulab Singh, sarkin Jammu, ƙasar Kashmir, cikin gaisuwar da aka ɗora masa duk shekara akwai doki ɗaya, awakin ulu 12, da mayafi tagwaye uku. Masaƙan kuwa haraji ya yi musu katutu har suka fito zanga-zanga a unguwar Zaldagar ta Srinagar a 1865, da yawansu suka mutu a ranar. Na tambayi dattijon ko yanzu masu kaɗi da saƙa suna samun abin kirki. Bai ɓoye ba, ya ce mata da yawa sun ajiye yinder don ladan bai taka kara ya karya ba, 'ya'yan masaƙa kuma sun fi son tuƙin mota. Na tuna yaran Baba, cikin su tara ɗaya ne kawai ya rage yana riƙe allura.

Abin da na saya: mayafin sozni ɗaya mai launin ƙasa, launin akuyar kanta ba rini, aiki a gefe huɗu da manyan buta a kusurwa, faɗi mita ɗaya tsawo mita biyu. Ya fara da rufi 32,000, muka tsaya a 24,000, kusan dala 300 ke nan a lokacin. Sai kalamkari ƙarami mai faɗin santimita 70 da na sayo wa Yaya, 13,000. Na ɗaukar wa Hajiya marar aiki, 9,500. Ciniki a wurin sai da haƙuri, ba a ɗaga murya, ana ƙara miki shayi ne har ki ji nauyin tashi hannu sake. Ki sa wa ranki iyaka tun daga ƙasan bene. Nawa da na Hajiya suna da tambarin GI, shaidar asali da aka yi wa fashminar Kashmir rajista da ita a 2008, wadda wata cibiyar gwaji a Srinagar ke liƙawa bayan ta tabbatar ulun na gaske ne, kaɗin hannu ne, saƙar hannu ce. Akwai lamba a jiki da ake dubawa da waya, na duba a gabansa. Na Yaya ba shi da ita. Ya gaya mini gaskiya cewa saƙar hannu ce amma zaren inji ya kaɗa, shi ya sa kuɗin ya sauka.

Yanzu ga yadda ya kasance a gida.

Ɗumi dai ba magana. Asubahin Janairu a Zariya, lokacin da ruwan buta ke yanka hannu, shi kaɗai nake yafawa a kan doguwar riga in fita tsakar gida, ba na neman rigar sanyi. Na auna shi a ma'aunin fulawata, giram 210, yana shiga jakar hannu. A jirgi da ɗakin taro mai na'urar sanyaya wuri ya fi komai amfani. Laushinsa ƙaruwa ya yi, yau ya fi ranar da na saye shi. Ɗinkin ko zare ɗaya bai warware ba. Na Hajiya kuwa ya zama abin rufe gwiwa, kullum yana kan ƙafarta tana lazimi.

Sai laifuffuka, kuma suna da dama. Na ɗaya, ba a yi shi don yafenmu ba. Mita ɗaya faɗi bai rufe mace yadda muka saba, in kina son ya sauko har ƙasan baya ki nemi na maza, ya fi girma. A kan ɗaurin ɗankwali zamewa yake yi, kuma kada ki kuskura ki sa masa fil, na gwada sau ɗaya ramin yana nan har yau. Ɗan kunne da zobe da sitonin leshi duk maƙiyansa ne, suna jan zare. Na biyu, in ba a jirgi ko ɗakin taro ba, wata biyu zuwa uku kawai yake aiki a shekara. Daga Maris ko kallonsa ba za ki so yi ba. In kika raba kuɗin da kwanakin da za ki yafa shi, lissafin ba daɗi. Na uku, turare. Hayaƙin turaren wuta yana kama shi ya zauna kwana da kwanaki, wannan na ji daɗinsa, amma humra ta bar mini tabon mai a gefen wuya da bai fita duka ba. A shafa a jiki, a bari ya bushe, sannan a yafa.

Wanki ni na yi da kaina, don ban yarda in ba wa mai wanki da guga ba. Ruwan sanyi, ɗan sabulun wanke gashin jarirai, a jiƙa a ɗan matsa, ba cuɗawa ba murɗawa, a naɗe cikin tawul ya tsotse ruwan, a shimfiɗa a inuwa. Ba a rataye shi a igiya, zai miƙe. Nawa ya fito lafiya. Na Yaya ne ya ba mu kunya: a wankin farko jan furen ya ɗan zuba ya ɓata farin da ke kusa da shi, ya kuma fi nawa tashin ƙuraje a inda hannu ke gogawa. Na aika wa ɗan mai shagon hoto ta WhatsApp, ya amsa da ladabi, ya ce ai na fenti ba a sa shi a ruwa. Wannan magana ce da ya kamata a faɗa mini kafin in biya, ba bayan wata takwas ba. Da zan koma ba zan ƙara sayen kalamkari ba, gara in cika kuɗi in ɗauki ƙaramin sozni, ko in tsaya a marar aiki mai tambari, wanda a ganina shi ne cinikin da ya fi kowanne a shagon.

Asu kuwa laifina ne. Da damina ta farko na cusa shi cikin akwati ban wanke ba, na rufe a leda. Da na buɗe a Nuwamba na tarar da rami biyu kusa da tsakiya, kowanne kamar ƙwayar gero. Na zauna a bakin gado kamar in yi kuka. A Kashmir akwai masu sana'ar cike irin wannan, rafugar ake ce musu, suna gyarawa har ba a gane wurin. Ni ba ni da rafugar, sai yaron Baba ɗin nan da ya rage, wanda yanzu shi ma ya yi furfura. Na kai masa. Ya juya bayan mayafin kafin ya ce komai, ya daɗe yana bin buta ɗaya da yatsa, sannan ya ce, “Anti, allurar da aka yi wannan da ita ba ni da irinta.” Ya zare sili daga gezar, ya yi kwana uku a kan ramuka biyu. In an ɗaga wajen haske ana gani, in yana kafaɗa ba mai lura. Bana na wanke shi kafin in ajiye, na naɗe a tsohon zanin auduga da busasshen ganyen darbejiya da kanumfari, kuma duk ƙarshen wata ina fito da shi ya sha iska a inuwa.